Ramukan Teburin Emil

Ranar da muka binne mijina Emil, ko awa biyu ba a yi da dawowa daga maƙabarta ba maza suka tayar da gardamar. Muna zaune a ɗakin ƙasa na coci, mata sun jera tukwanen kabejin da aka naɗe da nama, kowa da faranti a cinya. Ni ban iya cin komai ba. Kofi kawai na riƙe don hannuna ya sami abin yi.

Stush mai aski ne ya fara. Ya miƙe da kofinsa ya ce, "Yau mun rufe sarkin sanda na kwarin nan. Ɗari biyu da sittin da huɗu. Ba a yi kamarsa ba, ba kuma za a yi ba."

Aka amsa daga ko'ina. Sai wata murya daga bakin ƙofa ta ce, "Ɗari biyu da saba'in da ɗaya."

Ban juya ba, na san mai ita. Kaz Dudash ne na ƙetaren kogi. Shekara ashirin da uku bai tako ɗakin wasanmu ba, amma ya zo jana'iza da baƙar kwat ɗinsa wadda ta yi masa yawa, hularsa a hannu.

Ni da Emil mun riƙe ɗakin biliyad a saman shagon takalma, tebur shida, tun lokacin da hayaƙin masana'antar ƙarfe ke hana mu shanya wanki a waje. Wasan da mazanmu suka ɗauka da girma ɗaya ne. Ƙwallo sha biyar a tebur, ana buga su da sanda, ka faɗi wadda za ka jefa da ramin da za ta shiga. In ka ci sha huɗu a sake jera maka su, ka ci ta ƙarshen ta yadda farar ƙwallo za ta fasa sabon jerin, ka ci gaba. Abin da ka tara kafin ka yi kuskure, shi ne sunanka a garin nan har ka mutu.

Emil ya ci ɗari biyu da sittin da huɗu a tebur na biyu, wata Lahadi bayan coci, sha biyu ga Maris na 1961. Ni na jera masa ƙwallayen da hannuna. Mutum shida suka sa hannu a takardar shaida, muka sa ta a gilashi muka rataye. Wata guda bayan haka Kaz ya ci ɗari biyu da saba'in da ɗaya a wani ɗakin wasa na ƙetaren kogi. Ko yaro ya san wanne ya fi yawa. Amma a garinmu ba a nan maganar ta tsaya ba.

"Kai Kaz, tsufa bai koya maka kunya ba?" in ji Stush. "A bokiti ka zuba naka! Teburin nan naku, ko kabewa ka mirgina sai ta shige."

Aka kwashe da dariya, har da waɗanda idonsu bai bushe ba.

"Kakata makauniya da sandar tsintsiya sai ta ci hamsin a kansa," in ji wani daga baya.

"Ga shi kuma gobara ta cinye shi," in ji Stush, "babu mai iya aunawa. Na Emil kuwa yana nan. Ka je ka sa ƙwallo biyu a bakin rami ka gani ko za su shiga tare. Ramin Emil sai ka roƙe shi kafin ya karɓa."

Gaskiya ya faɗa. Duk baƙon da ya shigo wurinmu sai an kai shi tebur na biyu an gwada masa. A haɗa ƙwallo biyu a tura su bakin ramin kusurwa, su cije su ƙi wucewa. Daga nan a nuna masa takardar bango, ya girgiza kai.

Kaz bai yi fushi ba, abin da ya tayar mini da hankali ke nan. Da can in aka ce masa bokiti, jijiyar wuyansa tashi take. Wannan karon ya jira dariya ta lafa, sannan ya ce, "Na ji an ce ranar Juma'a za a kwance teburin."

"Ranar Juma'a," in ji Stush. "Za a rushe ginin. Fada, limaminmu, ya ce a kawo shi ɗakin taron maza na coci, da takardarsa da hotonsa."

"Ba ya sauka a matakalar nan sai an cire katakan gefe."

"To da a ka za mu ɗauko shi?"

"Zan zo in taya ku," in ji Kaz. Ya tako har inda nake zaune, ya ɗan rusuna. "Verona, Allah ya ba ki haƙuri. Emil ɗan wasa ne, ban taɓa cewa ba shi ba ne." Ya rage murya yadda ni kaɗai zan ji. "Marigayi Ignac yakan ce fensirinsa ba ya ƙarya."

Ya sa hularsa ya hau matakala. Kofin da ke hannuna ya zube a siket ɗina, mata suka ɗauka baƙin ciki ne suka taso da tsumma.

Ignac shi ne tsohon da ke gyara tebura a duk kwarin. Masu wannan sana'a suna da al'ada: in sun buɗe tebur sun yi aiki, sai sun rubuta kwanan wata da abin da suka yi da sunansu a cikin katakon gefe, inda ba ya ganuwa sai an kwance. Saƙo ne ga mai gyaran da zai zo bayansu. Ba a goge rubutun wani. Ko an canja roba sau goma, kowa a ƙasan na wancan yake ƙara nasa.

Tebur na biyu sati biyu kacal ya yi a wurinmu kafin ranar da Emil ya yi abin da ya yi. Daga wani otal da aka rufe muka samo shi, babu wanda ya san halinsa. Ramukansa a lokacin masu faɗi ne. Ni na sani, domin ni ke share su kowace safiya, hannuna har da buroshi yakan shige a sake.

Da labarin Kaz ya ƙetaro kogi, Emil ya daina cin abinci. Sai ya zauna a kicin yana kallon bango. Ƙwallo bakwai, yake ta maimaitawa, ƙwallo bakwai. A farkon Mayu ya manna takarda a ƙofa cewa an rufe sati guda za a yi fenti. An yi fentin kuwa. Amma ranar Talata Ignac ya hau da akwatin kayansa, suka kulle ƙofa. Ni na kai musu kofi sau biyu. Na ga katakan a ƙasa, na ga ƴan guntayen robar da Ignac ke liƙawa a leɓen kowane rami kafin ya sake rufe su da koren ƙyalle. Emil ya karɓi kofi bai dube ni ba. Ban tambaya ba, shi ma bai faɗa ba, ran nan ko wata rana.

Da aka buɗe, Emil ya jira wani ya kawo zancen Kaz, sannan ya ɗauko ƙwallo biyu ya tura su bakin rami. Shaidun nan shida, ranar wasan ƙwallo suke ƙirgawa, babu wanda ya auna rami. Kafin ƙarshen wata kowannensu yana rantsuwa ya tuna yadda ramukan suka matse. Kaz ya zo sau ɗaya ya ce ya buga a teburin a ƙarshen Maris, kuma ba haka yake ba. Aka yi masa ihu har titi. Tun daga nan bai dawo ba.

Bayan Ignac ya rasu, Emil bai ƙara yarda wani ya sa sifana a jikin teburin nan ba. Duk shekara biyu shi yake canja ƙyallen, shi kaɗai, ƙofa a kulle.

Mun binne shi ranar Litinin. Talata da Laraba na zauna a gida ana shigowa gaisuwa. Duk wanda ya shigo sai ya ba ni labarin wannan Lahadin, har waɗanda ba a haifa ba a lokacin. Masana'anta ta rufe shekara biyu da suka wuce, samari sun watse neman aiki, titinmu shago ɗaya cikin uku ne ke buɗewa. Abin alfaharin da ya rage wa tsofaffin nan bai fi a ƙirga da yatsu ba, kuma Emil na ciki. Ina jin su ina gyaɗa kai, ina tunanin fensir.

Ranar Alhamis bayan azahar na ɗauki mabuɗi na tafi. Garin ya yi duhu kamar dusar ƙanƙara za ta sauko amma ta ƙi. Shagon takalma an riga an rufe tagoginsa da katako. A sama an kwashe tebura biyar, sai sawun ƙafafunsu a daɓe. Na biyu kaɗai ya rage a tsakiyar ɗaki da fitilarsa a kai. An yanke wuta, hasken taga kawai nake da shi.

Sifanar Emil tana inda yake ajiye ta, a bayan kanta. Na sha ganin yadda ake yi a sauran teburan. Na fara da katakon da ke wajen taga, na kwance noti uku, na karkato shi. Babu komai sai ƙura da busasshen gam. Na biyu ma haka. Hannuna ya fara ciwo. A na uku na gani.

Rubutun Ignac ne, ƙanana a tsaye kamar na ɗan makaranta. Tara ga Mayu, 1961. Na matse ramuka shida, mai tebur ya nema. Da sunansa a ƙasa. Fensirin bai dushe ba ko kaɗan. A ƙarƙashinsa kuma ga wani rubutun da na fi sani fiye da nawa, na Emil. Kwanan wata, sabon ƙyalle, E. H. Kwanan wata, sabon ƙyalle, E. H. Layi tara.

Na ciro sanfefar goge katako da na zo da ita a jaka. Ban fara ba na ji takun mutum a matakala, a hankali, yana hutawa a kowace ta uku. Na manta ban kulle ƙofar ƙasa ba.

Kaz ya tsaya a bakin ƙofa yana haki. Ya dubi katakon, ya dubi hannuna.

"Na san za ki zo," ya ce. "Tun safe nake zaune a tashar bas ina kallon ƙofar nan."

"Ka fita, Kaz. Ba a buɗe ba."

"Ki bar ni in karanta. Ko sau ɗaya."

Ban matsa ba, amma ban hana shi ba. Ya zo ya sa tabarau, ya sunkuya. Ya daɗe a sunkuye fiye da yadda layi uku ke bukata. Sannan ya ɗago.

"Tara ga Mayu," ya ce. "Na ce musu. Na ce musu hannuna ya san teburin nan."

"Ka gani yanzu. Ka tafi gida."

"Ni na gani? Ni da ma na sani. Su nake so su gani." Ya cire tabarau. "Verona, kin san me ake kirana a layinmu? Bokiti. Jikokin ƙanwata ba su san ina da wani suna ba. Matata ta mutu tana tsammani a banza na samu nawa. Awa uku da rabi na yi a tsaye ran nan, ban sha ko ruwa ba. Ramukana masu faɗi ne, ban taɓa musu ba. Nasa ma haka. Tebur iri ɗaya, na fi shi da bakwai. Abin da nake nema ke nan, ba ƙari."

"Mutumin kwana uku ke nan a ƙasa."

"Ba zai ji zafi ba. Ni ne mai rai."

"Ni ma ina da rai," na ce. "A garin nan zan zauna. In shiga shago a ce ga matar maƙaryaci?"

Ya nuna layukan ƙasa da yatsa. "Dubi nan. Sau tara ya buɗe katakon nan shi kaɗai, ƙofa a kulle, sanfefa na cikin akwatinsa. Bai goge ba. Ya rubuta nasa a ƙasa ya mayar. Ki tambayi kanki dalili."

Na tambayi kaina, tun kafin ya shigo. Ko tsoron al'adar masu gyara ne, ko ya bar shi ne don wata rana a gani bayan ba ya nan, ko kuma bai taɓa kawowa a ransa za a rushe ginin ba. Shekara talatin da huɗu muna kwana ɗaki ɗaya, ban san amsar ba. Abin da na sani, shi ya tafi ya bar ni da shi.

Na ɗora sanfefar a kan rubutun Ignac.

"Verona," in ji Kaz. "Ki ji tsoron Allah."

Bai riƙe hannuna ba. Da ya riƙe, ban san abin da zai faru ba, tsoho ne amma ya fi ni ƙarfi. Tsayawa ya yi yana kallo. Ƙarar sanfefar ta cika ɗakin da babu komai a ciki. Kwanan watan ya fara tafiya, sai maganar ramuka, sai sunan. Ban taɓa layukan Emil ba. Wurin ya fito fari tas a jikin tsohon katako, kowa ya gani zai gane. Na je bayan kanta na kankaro garin kofi da ya bushe a gindin tukunya, na jiƙa shi da yawu, na murza a wurin da babban yatsa har ya yi duhu. Na watsa ƙura a kai.

Da na juyo, Kaz ya sa hularsa.

"Gobe zan zo," ya ce. "Zan faɗa a gabanki."

Ranar Juma'a da ƙarfe goma maza kusan ashirin suka hau, wasu ma ba su iya ɗaukar komai, kallo ya kawo su. Fada ya zo ya yi addu'a a kan teburin. Kafin a taɓa noti, Stush ya ɗauko ƙwallo biyu ya tura bakin rami, suka cije, aka yi tafi. Kaz na jingine da bango kusa da ƙofa.

Aka kwance katakan aka jera su a ƙasa. Wani ya ga rubutun Emil ya kira sauran, suka taru suna karanta kwanakin, wani ya share ido. Sai Kaz ya tako tsakiya.

"A saman wannan akwai rubutun Ignac," ya ce. "Tara ga Mayu, 1961, ya matse ramuka shida. Jiya na karanta da idona. Matar nan ta goge shi da sanfefa ina tsaye."

Kowa ya juyo yana kallonsa.

"Kaz, ka sha wani abu ne da safen nan?" in ji wani.

"Ku duba katakon."

Stush ya durƙusa da ƙyar, gwiwa ɗaya sannan ɗayar. Ya shafa wurin da yatsa. Ya kai fuskarsa kusa, kusa ƙwarai, na ga hancinsa ya motsa. Ya ɗago ya dube ni. Stush ya sha kofina shekara ashirin da tara. Ya dafa tebur ya miƙe, ya goge yatsan a wandonsa.

"Babu komai a nan sai tsufan katako," ya ce.

Fada ya juyo gare ni. "Verona, ƴata, ke kika fi kowa sanin teburin nan. Faɗa mana, a huta."

Na dubi Kaz. Ba harara yake yi mini ba, jira kawai yake.

"Yadda aka kawo shi haka yake," na ce. "Babu wanda ya taɓa ramukan nan."

Abin da ya biyo baya ba na son tunawa. Suka taso masa gaba ɗaya. Marar kunya, mai cin naman mamaci, ka jira ya mutu sannan ka zo ka zagi matarsa. Wani ya buge masa hula ta gangara matakala. Biyu suka kama shi a hammata suka sauke shi, ƙafafunsa ba sa taɓa kowace matakala. Stush kaɗai bai shiga cikinsu ba, ya juya baya yana tattara notoci a gwangwani. Ta taga na ga Kaz ya ɗauki hularsa a cikin laka, ya kakkaɓe, ya nufi gada.

Teburin yana ɗakin taron maza yanzu, takarda da hoto a samansa. Ana kai baƙi a gwada musu ƙwallo biyu. Stush ba ya zuwa in ana gwadawa, kuma ban ƙara jin ya yi barkwancin kabewa ba. In mun haɗu a hanya yakan taɓa hula ya wuce.

Lahadi biyu bayan nan, ina durƙushe a bencina na kullum, na ji wani ya zauna a bayana yana haki. Kaz yana da cocinsu a ƙetaren kogi, a can aka yi masa baftisma, a can matarsa take kwance. Ya bar shi. Kowace Lahadi yakan tako gada a ƙafa, da ruwa da ƙanƙara, ya zauna a bencin da ke bayana. Babu mai gaishe shi, babu mai iya korarsa. Na koma sujadar sassafe, na tarar da shi a can. In Fada ya ce a yi wa juna sallama, sai in ji ya taɓa kafaɗata, in juya, ya miƙo hannu ya ce, "Salama gare ki, Verona."

In lokacin karɓar jibin Ubangiji ya yi, wanda mai zunubin da bai furta ba ba ya karɓa, mutanen bencinmu sukan miƙe, in janye gwiwoyina su wuce. Shi ma yakan tashi ya shiga layi, ya dawo ya durƙusa a bayana. Ni ina zaune. Shekara biyu ke nan ban tashi ba.